Ahmed Musa Bai Fito Ba

Lokacin Gasar Kofin Duniya ta 2018 muna firamare a Rara. Ranar da Ahmed Musa ya zura wa Iceland ƙwallo biyu, mun kwana da muryoyi a dushe. Washegari muka yi wa mai tireda layi, domin yana sayar da wani cingam da ake naɗe hoton ɗan ƙwallo a cikin ledarsa. Ba ka ganin wanda ke ciki sai ka biya ka yage.

Mu biyar ne. Kuɗin tara, da ɗan abin da muke samu in mun taya cirar albasa, duk can suke tafiya. Cingam ɗin ma ba daɗi gare shi ba, sau da yawa ƙannenmu muke miƙa wa. Wani mai tsaron gida da ko sunansa ba mu iya faɗa ba ya fito mana har sau tara. Ahmed Musa bai fito ba. Amma duk ledar da muka yage, sai zuciya ta ce ta gaba ce.

Da hotuna suka yi yawa sai muka ƙirƙiro wasa: a cilla kati sama, ka canki kife ko buɗe, wanda ya dace ya kwashe. Malamin Islamiyyarmu ya riske mu a kai, ya tuna mana aya ta 90 a Suratul Ma'ida, wadda ta hana caca. Muka ce ai hoto ne, Malam, ba kuɗi ba. Ya tambaye mu da me muka sayi hoton. Muka yi tsit.

Daga baya muka gane abin ba na ƙauye ba ne kawai. Kamfanin Panini na Italiya tun 1970 yake fitar da kundin hotunan Kofin Duniya. Na 2022 yana da gurbi 670, kowace leda hoto biyar. Ku ɗauki biro: ko ba a maimaita ko ɗaya ba, leda 134 ke nan. Da yake ana maimaitawa, wanda ba ya musaya da abokai sai ya yage wajen leda 900 kafin ya cike. A 2018 hukumar Beljiyam ta ce akwatunan sa'a da ake saya a wasannin bidiyo caca ne, har masu wasan FIFA suka daina sayar da makin sayen su a ƙasar.

Za ku ce a leda ai ba a tashi hannu banza. Haka ne, kuma huɗu daga cikinmu sun bar abin da kansu. Na biyar ɗin ne ke damun mu. Da ya samu waya, ya koma cankar wasannin Firimiya. Bara kuɗin rajistar jarrabawa da babansa ya sayar da buhun albasa ya ba shi suka tafi a dare ɗaya, wasa guda ne ya “yanke” shi cikin goma sha biyu. Da muka je masa jaje, cewa ya yi saura ƙiris, na gaba zai ci. Mun san maganar nan. A gaban tireda muka koye ta tare.

Ba mu ce leda ce kaɗai ta kai shi ba. A ganinmu dai ita ta fara koya masa daɗin biya kafin gani.

Hoton Ahmed Musa kuwa, wani yayanmu ne ya kawo mana shi daga Sakkwato, babba, a jikin kalanda. Ya gani, ya taya, ya biya.