Alkawarin Ƙasashen Duniya a Gaban Alƙalin Gida

Bayan sallar La'asar wani ɗan kasuwa ya same mu a zaure, ransa a ɓace. An tsare ɗansa wata huɗu, ba a kai shi kotu ba. Ya ji a rediyo cewa Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, sai ya ce, "Malam, ashe ba zan iya kai wannan takarda gaban alƙali ba?" Muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayanin amsar da muka ba shi.

Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da cewa yarjejeniyar da Nijeriya ta ƙulla da wasu ƙasashe ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Wannan ya tuna mana da cinikin fuduli a fiƙihun Malikiyya, watau mutum ya sayar da abin wani ba da izninsa ba: cinikin ya ƙullu, amma zartuwarsa tana jiran yardar mai abu. To, majalisa ita ce wakiliyar masu abu.

Saboda haka yarjejeniyoyin nan iri biyu ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 a kan 'yancin jama'a da na siyasa, Nijeriya ta shige ta a 1993, amma majalisa ba ta mai da ita doka ba. Alƙali yana iya neman haske a cikinta, ba ya gina hukunci a kanta ita kaɗai. Ita kuwa Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, an mai da ita dokar Nijeriya a 1983. A shari'ar Abacha da Gani Fawehinmi, a shekarar 2000, Kotun Ƙoli ta yanke cewa kotunanmu suna aiki da ita, sai dai Tsarin Mulki yana bisanta.

Muka ce wa baƙonmu, "Alhaji, ƙofa a buɗe take." Sashe na 6 na Yarjejeniyar Afirka ya hana tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba, sashe na 35 na Tsarin Mulki kuma ya wajabta kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya ko biyu. Da waɗannan lauya zai shigar da ƙara a Babbar Kotu.

Amma fa kada masu mulki su fake da sashe na 12. Alkawari kaya ne, yana wuyan wanda ya ɗauka. A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da Abu Jandal ga Ƙuraishawa saboda sharaɗin sulhu, alhali zukatan Sahabbai suna ƙuna. Abin da hukuma ta ga ya saɓa wa addinin jama'arta, ta faɗa tun kafin sa hannu. Abin da ta karɓa kuwa, ta kai shi majalisa, domin talaka ya amfana.

Alhaji ya tashi neman lauya tun kafin Magariba. Allah Ya kuɓutar da duk wanda aka zalunta, amin.