Sansanin Wata

A harshen Turkawa kalmar "ay" na nufin wata, kuma daga gare ta suka ƙera wa 'ya'yansu mata sunaye da dama. Aynur hasken wata ne, an haɗa da "nur" ta Larabci. Aygul furen wata ne, an aro "gul" daga Farisanci. Ayla kuwa shi ne da'irar hasken nan da kan kewaye wata a wasu darare, wadda Bahaushe kan gani ya ce wata ya yi sansani.

Wannan na ƙarshen ne ya shigo gidanmu a Damri, ta wayar matar yayana mai kallon finafinan Turkiyya. Sunan yankan jaririyar A'isha, sunan mahaifiyarmu, don haka babu bakin da zai iya furta shi a tsakar gida. Dole a nemi na alkunya. Da ma Ummi ko Nana ake sa rai, sai mai jego ta ce Ayla.

Inna ta ce da ni, "Kai da ka yi boko, wanga suna mi yaka nufi?" Tsoronta kada a riƙa kiran takwararta da abin da ba a san tushensa ba, ya zamo sunan gunki ko na aljana. Ban ga laifin tambayar ba, domin mu mutane ne da sunayensu ke ba da labari. Talatu ranar Talata ta zo, ranar da ta ba Talatar Mafara kasuwarta da rabin sunanta. Delu ta biyo bayan maza. 

Da na bincika sai na tarar Turkawan ma haka suke. A yaƙin Koriya na 1950 wani sajensu, Sulaiman Dilbirligi, ya tsinci marainiya cikin dare, ya kira ta Ayla saboda wata; an yi fim a kan labarin a 2017. Da Bazamfare ne ya tsince ta da wataƙila Tsintau zai ce, amma dabarar ɗaya ce: a dubi halin da yaro ya zo a ciki.

Inna ta amince da ta ji batun sansani, sai dai harshenta ya ƙi. Aila take cewa, wani lokaci Laila, kuma yaran unguwa nata suka ɗauka.