Ƙafafun Rile: Kama da Wane Ba ta Wane

A cikin kayan wutar mota akwai wani ɗan akwati da bai fi kwalin ashana girma ba, wanda makanikai ke kira rile. Aikinsa shi ne ya bai wa ƙaramar wuta ikon buɗe wa babbar wuta hanya. A cikinsa akwai naɗin siririyar waya. Idan wuta ta ratsa naɗin sai ya zama maganaɗisu, ya jawo wani ɗan ƙarfe, ya haɗa batir da fitila ko oda. Naɗin ba ya shan ko rubu'in amfiya, amma hanyar da yake buɗewa takan ɗauki amfiya 30 ko 40.

Jamusawa sun tsara wa ƙafafunsa lambobi a ƙa'idar DIN 72552. Ƙafa ta 85 da ta 86 su ne bakunan naɗin. Ta 30 ce ke karɓar wuta daga batir. Ta 87 ba ta samun wuta sai rile ya kama, ita kuwa 87a tana haɗe da 30 muddin yana kwance.

Ba a littafi na san wannan ba. A zauren maigidanmu na koya, ina riƙe da alƙalami, ranar da wani direba ya kawo ƙarar yaron gareji. Yaron ya sayo masa rile na hannu a Suame Magazin, nan Kumasi, ya kuwa shiga gurbinsa daram. Amma gari na wayewa batir ya mutu, makunnin fitila kuma ya fara narkewa. Direba ya ce an cuce shi, yaro ya rantse kayan lafiyayye ne. Wani tsohon mai gyaran wutar mota da aka kira ya tabbatar cewa babu maƙaryaci a cikinsu. Akwai rile iri biyu masu siffa ɗaya, sai dai an musanya mazaunin 30 da 86. Saboda haka naɗin ya kwana yana shan batir, babbar wutar fitila kuma ta bi ta siririyar wayar makunni.

Ga yadda dattijon ya nuna mana a gane ƙafafu biyar ko da lambobin sun goge. A sa mita a ma'aunin om, a gwada ƙafafun biyu-biyu. Biyun da suka nuna tsakanin 50 da 120, a rile mai bolt 12, su ne na naɗin. Cikin ukun da suka rage, biyu za su nuna a haɗe suke, wato 30 da 87a, wadda ta ware kuwa ita ce 87. Sai a ba naɗin wuta har a ji ƙas. Wadda ta koma ta haɗu da 87 a lokacin, ita ce 30.

Sai a kiyaye abu biyu. Wani rile yana da dayod a jikin naɗinsa, don haka dole wutar batir ta shiga ta 86, a kai 85 jikin mota, in an juya sai dayod ɗin ya ƙone. Sannan yawancin manyan motoci da bolt 24 suke aiki, ba a ɗauko nasu a sa wa tasi.

Gwajin nan ba ya cin minti biyar, amma rashinsa ya so ya raba maƙwabta biyu, ya kuma zubar da mutuncin yaro mai neman na kansa. Iyayen da 'ya'yansu ke koyon sana'a a gareji, ku taimaka musu da kuɗin mita, ku kuma hore su da aunawa kafin ɗaurawa. Shigar ƙafa cikin rami ba ta nuna cewa nan ne mazauninta. Allah Ya sa albarka a sana'ar yaranmu.