Layin da Ba a Rubuta Ba

Na'urar da ke rarraba intanet, wadda masu sana'ar ke kira rauta, tana karɓar wani jerin sharuɗɗa mai suna ACL, wato jerin izinin wucewa. Aikin mai gadi yake yi. Duk ƙunshin bayanan da ya iso, sai a duba inda ya fito da inda ya nufa, sannan a bar shi ya wuce ko a yar da shi. A na'urorin Cisco, jeri mai lamba 1 zuwa 99 adireshin mai aikowa kaɗai yake dubawa. Mai lamba 100 zuwa 199 kuwa har da adireshin mai karɓa da lambar ƙofa, irin su 443 da shafuka masu kariya ke bi.

Ƙanena, wanda ke kula da na'urorin wata cibiyar koyar da kwamfuta a Makarfi, shi ya nuna mini abubuwa biyu da suka tsaya mini a rai. Na'urar tana karanta sharuɗɗan ne daga sama zuwa ƙasa, kuma sharaɗin farko da ya dace shi ne hukunci. Ba ta waiwayar sauran. Idan ka sa “a hana kowa” sama da “a bar shugaban cibiya”, to shugaban ma yana waje. Sannan a ƙarshen kowane jeri akwai layin da babu wanda ya rubuta, ba ya ma fitowa a allo, amma yana aiki: duk wanda ba a ambata ba, an hana shi.

Mun ɗanɗana irin wannan tacewa a faɗin ƙasa ranar 5 ga Yuni, 2021, lokacin da kamfanonin sadarwa suka toshe Twitter bisa umarnin gwamnatin tarayya, har zuwa 13 ga Janairu, 2022. Mu 'yan jarida VPN muka ɗora muka ci gaba da aiki, domin mai gadin bayan ambulan yake karantawa, ba ya ganin wasiƙar da ke ciki. A Janfalan kuwa, inda Facebook da WhatsApp suka fi karɓuwa, da yawa ba su ma lura ba.

Abin da ya fi zafi ya zo a Satumbar shekarar, da aka katse layukan waya a Zamfara, daga bisani a wasu sassan Katsina da Kaduna, saboda 'yan bindiga. A ganina, wannan jeri ne da babu komai a cikinsa sai layin ƙarshen nan. Babu sharaɗin da ya ware asibiti, ko mai POS, ko matar da ke jiran aiken kuɗi daga Legas. Dillalin rake a kasuwar Makarfi, ko da wayarsa na da sabis, idan abokin cinikinsa na Gusau ne, sai dai ya ba direba saƙon baka, ya jira motar ta dawo.