Idan Ruwa Ya Yi Furfura

Wani dare cikin zafin watan Afrilu, babu wuta a hostel, abokin ɗakina ya miƙo mini wayarsa yana dariya, wai in ga yadda 'yan Legas ke wasa da ransu. Bidiyon wasu samari ne a Tarkwa Bay, kowa ya tsaya kan wani dogon allo, igiyar teku ta ɗauko shi tana gudu da shi zuwa gaɓa. Ashe wasa ne sananne, har ya shiga gasar Olamfik tun wadda aka yi a Tokyo a 2021. A ƙarshen bidiyon sai ɗaya daga cikinsu ya nuna abin da suke dubawa a waya kafin su fito: gobe da bakwai na safe igiya za ta kai tsayi kaza, tsakanin wata da wata sakan kaza, iska daga kudu maso yamma za ta taso, teku zai ciko da ƙarfe kaza. Haka aka jera musu har kwana bakwai masu zuwa.

Na mayar masa da wayarsa ban yi dariya ba. Su don nishaɗi kawai sun san halin da ruwansu zai tashi da shi mako guda kafin lokaci. Mu da ke da ruwa a bayan gida, wanda ake ci da shi, ake ƙetare shi da mata da yara da buhuna, duk hasashen da muke da shi bai wuce idon tsofaffi irin kawuna ba. Kuma ni na taɓa raina idon nan.

Ni ɗan Bakura ne, amma mahaifiyata 'yar ƙasar Maradun ce, gidan masunta. Yayanta, wanda muke kira Kawu, yana zaune a wata tunga can sama, kusa da inda Gulbin Sakkwato ke shigowa cikin tafkin Bakolori. Tun ina firamare nake zuwa hutu wurinsa, a can na koyi bambanta tarwaɗa da kurungu, na koyi riƙe filafili. Tun da na samu gurbin karatu a nan ya daina kiran sunana, sai dai Injiniya, kuma ba yabo yake nufi ba.

Bara, farkon watan Yuni, na je gaishe shi ranar Juma'a da niyyar dawowa Lahadi, don muna da gwaji ranar Litinin. A makon nan hanyar mota ba ta biyuwa. Ba sai na yi bayani ba, duk wanda ke karanta mujallar nan ya san abin da hakan ke nufi a yankinmu. Abin da ya rage shi ne ruwa: a ƙetara zuwa ɗaya gefen, a hau kabu-kabu zuwa Mafara. Bayan azahar na ɗaura jaka na ce Kawu ya ƙetarar da ni. Ruwa kwance luf kamar faranti, ko ganye ba ya motsi, zafi kamar a cire fata. Ya fito ya tsaya bakin ruwa, ya daɗe yana kallon gabas, sa'an nan ya koma kan tabarmarsa ya ci gaba da gyaran koma.

"Ba ni tahiya yau, Injiniya. Ka bari sai da sahe."

Na ce, "Haba Kawu, ku dubi ruwan nan fa. Ko motsi ba ya yi."

Ya ce, "Kwance shike, ba barci shikai ba."

Na ji haushi, wallahi. A raina na ce tsufa ne da son jiki. Akwai wani saurayi mai jirgin inji da ke shirin tashi, na biya na shiga. Mu goma sha wani abu ne a ciki, da babur ɗaya, da buhunan taki da wata mata ta saya don gonarta. Da aka gama lodi, tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. Na lura da haka, na kuma kawar da kai.

Minti ashirin na farko lafiya lau. Mun fita daga matsatsin bakin gulbi mun shiga sarari sai na ji wata iska mai sanyi ta bugi ƙeyata. Na waiga. Gabas ta yi jawur da ƙura, bayan ƙurar kuma baƙi ƙirin. Ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba tukuna, amma kan tafkin ya fara fitar da farin kumfa nan da can, kafin ka ce me ya cika ko'ina. Igiyar farko da ta shigo ta jiƙa mu har ƙugu. Mata suka ɗauki salati, wani dattijo ya cire hularsa yana kwashe ruwa da ita, ni kuma aka miƙo mini rabin jarka. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kwasa ba. Abin da nake tunawa shi ne muryar mai jirgin yana cewa a zubar da kaya, da fuskar matar nan lokacin da aka tura buhunan takinta cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce uffan ba. Yaron ya yi ƙoƙari, ya hana igiya ta same mu a gefe, har Allah Ya sa muka dafe wani tudun yashi muka zauna cikin ruwan sama har bayan magariba.

Babu wanda ya rasa ransa. Wayata ta mutu, takarduna sun zama kunu, matar nan kuma ta shiga damina babu taki. Gwajin da na kusa mutuwa dominsa, da na iso Litinin sai na tarar an ɗaga shi zuwa wani mako.

Watanni bayan haka muna aji ana koya mana yadda ake tsara bangon madatsar ruwa, malam ya zo kan dalilin da ya sa ake barin rarar tsayi sama da iyakar cikar ruwa, da dalilin jera manyan duwatsu a fuskar bangon da ke kallon tafki. Ya ce saboda igiya ne. Na gyara zama. Ya ce abu uku ke sa igiya ta girma: ƙarfin iska, daɗewar da ta yi tana kaɗawa, da nisan sararin ruwan da ta bi ba tare da wani abu ya tare ta ba. Ya rubuta mana wani tsohon lissafi da ya samo asali daga Thomas Stevenson, injiniyan Sikotlan mai gina hasumiyoyin fitilar teku, wanda Molitor ya gyara daga baya ya sa gudun iska a ciki. A daren na zauna na gwada da kaina. Na sa iska mai gudun kilomita 60 a awa, abin da ba baƙo ba ne a gaban hadarin farkon damina, na sa sararin ruwa kilomita 10. Amsar da ta fito ta ɗan haura mita ɗaya. Na tuna taƙi ɗayan nan na bakin jirginmu, na rufe littafin.

Lissafin ya kuma nuna mini tarkon da na faɗa. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, gulbin ma daga wajen Gusau yake gangarowa, don haka iskar hadari tana samun doguwar hanya a kan tafkin. A bakin tungar Kawu, inda iskar ta fara taɓa ruwa, igiya ba ta da filin girma. Sai ka yi nisa zuwa wajen bango take cika. Wato ruwan da ka gani lokacin shiga ba shi za ka tarar a tsakiya ba. Bakin gulbin kansa yana da nasa lokacin: a Agusta da Satumba, idan gulbi ya kawo ya shigo da ƙarfi, iskar damina kuma tana busowa daga kudu maso yamma tana karo da shi, igiya takan gajarce ta miƙe tsaye, ga yashin da ya taru ya rage zurfi. Masunta sun fi tsoron irin wannan a kan doguwar igiya mai tafiya a hankali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, an yi wa bango wannan lissafi tun kafin a haifi iyayen wasunmu, amma ban taɓa jin an yi wa kwalekwale ba. Kamfanin Impresit na Italiya ya kammala dam ɗin a 1978. Tafkin da ya taru yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, ya rufe kimanin hekta 8,000, ya miƙe kusan kilomita 19 daga bango zuwa sama. Idan ana maganar Bakolori an fi tuna gonakin da aka rasa, da rikicin diyya, da manoman da aka harbe a Afrilun 1980, kuma ya kamata a tuna. Amma akwai wani abu ƙarami da ba a cika faɗa ba. Mutanen da suka gaji gulbi sun wayi gari da ɗan ƙaramin teku a gabansu. Kakana gulbi ya sani, mai cika da damina ya janye da rani, wanda kana wannan gaɓa kana jin kiran wanda ke waccan. Jiragensu ma na gulbi ne, dogaye marasa zurfi. Babu wanda ya koya musu tafki. Kawu ya ce da kifewa suka koya, da kututturan itatuwan da ruwa ya binne suna fasa musu jirage.

Shi ya sa na daina yi wa maganarsa kallon camfi. Yana cewa idan ruwa ya yi furfura, ko hurhura a bakinsa, to mai kaya ya nemi gaɓa. Na je na duba ma'aunin iska na Beaufort, wanda wani hafsan jiragen ruwan Ingila ya tsara a 1805, sai na ga shi ma da ido yake aiki: farin kumfa yakan fara bayyana jefi-jefi idan iska ta kai mataki na uku, ya yawaita a mataki na huɗu, wajen kilomita 20 zuwa 28 a awa. Kawu bai taɓa jin sunan Beaufort ba. Shirun nan mai zafi da ya hana shi tafiya, da sanyin da ya bugi ƙeyata, duk suna cikin littafi: iska mai sanyi ce ke zubowa daga cikin hadari ta riga ruwan sama isowa.

Ba zan ce ba ya kuskure ba. Akwai ranakun da ya ƙi fita, hadarin ya watse, wasu suka dawo da kifi shi yana zaune. Wani lokaci kuma yana cikin yi maka bayani mai ma'ana sai ya karkata zuwa mutanen ruwa da wuraren da ba a zuwa ranar kaza, ni dai in yi shiru. Kuma idonsa bai wuce awa biyu ko uku ba. A nan ne masu allon Legas suka fi mu. Ilimin da suke mora ma ba don wasa aka fara shi ba: lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne wasu masana biyu, Sverdrup da Munk, suka tsara hanyar hasashen igiya don a san ranar da za a iya sauke sojoji a gaɓar teku. Yau ga shi a wayar ɗan shekara sha biyar.

Mu ma ba a bar mu haka siddan ba. NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da na ambaliya. Suna da amfani ga manomi da gwamnati. Sai dai mai jirgin da ke lodi da ƙarfe uku na rana ba faɗuwar damina yake tambaya ba, so yake ya san ko zai kai gaɓa kafin huɗu. Ko a Bakura, ƙasa da dam, tambayarmu ta yini ce: mun sha ganin gulbi ya ƙaru rana tsaka alhali ko gajimare babu, saboda ruwan da aka yi can sama. Duk wanda ya ji labarin jirgin manoman da ya kife a Gummi a Satumban 2024 ya san abin da ake asara idan lodi ya yi yawa kuma babu rigar kariya ko ɗaya a jirgi. Kuma ko an kawo mana hasashen a waya, mun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a jihar nan a Satumban 2021. Ranar da babu sabis, idon tsoho za a koma wa. 'Ya'yan Kawu maza uku ne, biyu suna kabu-kabu, ɗaya ya tafi haƙar zinariya. Babu mai zama kusa da shi bakin ruwa.

Tun hutun da ya wuce na sayi ƙaramin littafi. Duk ranar da na samu layinsa nakan tambaye shi yadda ya ga ruwa, in rubuta, in rubuta abin da manhajar yanayi ta wayata ta ce, washegari in tambayi abin da ya faru. Shafi talatin da 'yan kai ke nan, bai isa a kira shi bincike ba. In akwai ɗan ND I da ke neman abin da zai yi furojet a kai baɗi, ya neme ni kafin in tattara kayana, zan ba shi.

Na san 'yan ajinmu da wasu sassan sun shirya zuwa dam ranar Asabar bayan takarda ta ƙarshe, a ci shinkafa a ɗauki hotuna, kuma na san za a samu masu cewa a ɗan zaga da su cikin jirgi. Ku tuna wajen bango za ku tsaya, inda igiyar hadari ke ƙarewa da dukan ƙarfinta, kuma yanzu ne lokacinta. In za ku shiga, ku shiga da hantsi. Ku dubi tazarar bakin jirgi da ruwa bayan kowa ya zauna, in ba ta kai kamu ɗaya ba wasu su sauka. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya kan duwatsu, hoton ma ya fi kyau daga can.

Jiya da dare na kira Kawu na ce masa abokaina za su zo ranar Asabar, yaya yake ganin ruwan. Ya yi dariya har da tari.

"Yau Talata, Injiniya. Wa ya san Assabar? Ka kira ni ran nan da sahe in na hito na duba. Kuma ka hwaɗa musu, in na ce a'a, a'a ce."