Gane Ciwon Kofato Tun Bai Zo Ba

Mu da muka tashi muna ganin doki yana ramewa da rani, wuya ne mu yarda ɗanyar ciyawa tana iya gurgunta shi. Amma a Ingila haka abin yake, musamman ga kuru, watau ƙananan dawakin nan na tuddan Wales da tsibiran Shetland. Kakanninsu sun saba da ƙarancin abinci, saboda haka abu kaɗan ke sa su ƙiba.

Idan sanyi ya wuce, wajen Afrilu da Mayu, sabuwar ciyawa takan fito cike da sukari. Kuru ya ci ya ƙoshi, sai wani sinadari da ake kira insulin ya yi yawa cikin jininsa. Yawan nan shi ke raunana naman da ke riƙe ƙashi a jikin kofato. Sai ka ga dabba ta tsaya ta miƙe ƙafafun gaba, ta mai da nauyinta baya, kofato da zafi. In abin ya tsananta ƙashin yakan goce, wani lokaci ba makawa sai a kashe ta don a hutar da ita.

A 2007 masana a Ostareliya suka ɗura wa lafiyayyun kuru insulin, cikin kwana 3 duka suka kamu. Tun daga nan aka tabbata inda cutar take ɓullowa.

To, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, haka kuma wadda za ta ɓaci. Mai lura yakan duba kitsen da ya taru bisa wuya da gindin wutsiya, da zobba a jikin kofato. Likitan dabbobi kuwa yakan ba kuru ruwan sukari, sa'an nan ya auna jininsa. Wanda insulin ɗinsa ya hau ƙwarai, shi ne abin tsoro, ko da bai taɓa ɗingishi ba. Sai a rage masa kiwo, a sa masa takunkumi, a jiƙa busasshiyar ciyawarsa sukari ya fita, a riƙa motsa shi.

Ku 'yan makaranta, ku faɗa wa barorin gidajenku cewa dokinmu ma in ya afka wa buhun dawa ya cika ciki, wannan ciwo na iya kama shi. Ƙibar doki abin alfahari ce a wurinmu, amma ba kullum take nuna lafiya ba. Rigakafi ya fi magani.