Yunwa a Tsakiyar Wadata

Mu da muka tashi muna jin cewa yunwa 'yar fari ce, ko ta yaƙi, ko ta talauci, abin da ke faruwa ga 'yan matan Japan ya isa ya sa mu tsaya mu yi nazari. Ƙasa ce mai yalwar arziki, amma binciken lafiya da abinci da gwamnatinta ke gudanarwa ya daɗe yana nuna cewa kusan mace ɗaya cikin biyar masu shekaru 20 zuwa 29 ba ta kai nauyin da ya dace da tsawonta ba.

Ba kowace siririya ce marar lafiya ba. Sai dai a cikin wannan taro ne cututtuka biyu ke samun maɓoya: ta ƙin cin abinci, wadda Japanawa ke kira kyoshokusho, da ta ci fiye da kima a bi da amai, wato kashokusho. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa kafin ya zama na jiki. Mai shi takan dubi madubi ta ga ƙiba, alhali ƙasusuwanta sun fito. Daga nan haila ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni, wani sa'in zuciya ta tsaya.

Mukan ɗora laifin a kan mujallu da talabijin, kuma suna da nasu kaso. Amma tun ƙarni na 18 likita Kagawa Shutoku ya bayyana wata cutar ƙin ci wadda galibin masu ita mata ne. Ashe zamani bai haife ta ba, rainonta ya yi. Inda ake yaba wa mace don kamun kai da rashin ƙorafi, wadda ta ture kwano yabo take sha, ba tambaya ba.

Bugu da ƙari, illar ba ta tsaya kanta ba. Kusan jariri ɗaya cikin goma a Japan ana haihuwarsa ƙasa da giram 2,500, har a 2021 ƙungiyar likitocin mata ta ƙasar ta ɗaga yawan nauyin da ake son mai ciki ta ƙara.

Mu ma'abota adabi, da muke siffanta kyakkyawa a waƙa da labari, muna da hannu wajen gina madubin da 'yan mata ke duba kansu a ciki. Ya kamata mu auna kalmominmu, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya.